Kitson da Gwadabe Ya Yanke

Rana ta yi ja, kaji sun fara neman makwanci. Barakatu na tuƙin tuwo, 'yarta Saude na gefen murhu tana kaɗa miya. Sai dutse ya faɗo tsakar gida. Na biyu ya biyo shi. Ba daga waje aka jefo su ba, daga barga suka fito, kuma ba kowa a bargar sai doki.

Gidan Gwadabe ne, a Kiru, shekarun da Turawa ba su kai ga tafiya ba. Shi ɗan aiken dagaci ne, takarda yake kaiwa har Doguwa. Don wannan aiki ya sayi wani akawal a Dangora, baƙin doki mai dogon numfashi, wanda zai tashi da asuba ya isa Doguwa kafin a kira magariba. Amma a makon farko, wajen ƙetare kogi, dokin ya zabura ya maka shi kan dutse, kafaɗarsa ta goce. Tun ranar tsoron dokin ya shiga cikinsa, bai faɗa wa kowa ba. Namijin da ya ɓoye tsoro, hannunsa ke tona shi. Ya sayo dorina da linzami mai yanka baki. Doki ya koma cizo da shuri, sirdi ma sai an taru ake ɗora masa.

Kullum da safe akan tarar da kitso uku ƙanana a gezar dokin, tsaf kamar na amarya. Barakatu ta ce, "Maigida, irin wannan ba a taɓa shi. Mai shi ya san abinsa." Ya ce da ita ta ji da tukunyarta. A safiyar ranar da duwatsun suka faɗo ya sa aska ya yanke kitson.

To, da dutse na uku ya faɗo, dokin ya yi haniniya, Gwadabe ya zari dorina ya shiga barga. Ya zabga masa ɗaya. Saude ta saki ƙara a bakin murhu. Ya ƙara, ta faɗi. Da uwar ta ɗaga rigarta, ga shata biyu kwance a gadon bayanta, jini na tsattsafowa.

Da a nan ya tsaya, da an ce kuskure ne. Washegari ya ce ƙaryar mata ce, ya sake gwadawa. Sau bakwai. Yarinyar ta daina magana, sai ta durƙusa a kusurwar ɗaki tana kartar ƙasa da hannu, in ta ji takunsa ta hau rawar jiki.

Kwana na huɗu, bayan la'asar, wani Malam Buba da aka aika a kira ya iso daga rugarsu ta wajen Tudun Wada. Tsoho ne, bai da yawan magana. Ya duba bayan yarinyar, ya leƙa barga ya duba bayan doki, ya ƙirga. Ya zauna ya yi ta karatu har inuwa ta rufe tsakar gida. Sai Saude ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Malam, sannu da hanya."

"Yauwa. Yarinyar nan me ta yi miki?"

"Shi dokin me ya yi wa ubanta?"

"An ce ya kayar da shi."

"Wani kada ya hango a mashigin kogin. Da bai zabura ba, da yanzu an yi arba'in ɗin mai shi." Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Tun yana dukushi a duwatsun Doguwa nake yi masa kitso. Hannun da ya yanke nake so."

Malam ya ce, "Hannu na Allah ne, ba naki ba. Faɗi abin da za a iya."

Ta ce, "To, ya kai da kansa. Ya shiga barga ba dorina, ya ɗebi dusa a tafin da yake duka da shi, ya miƙa. Abin da doki ya ɗauka, ya ishe ni. In ya janye, na zauna ke nan."

Gwadabe ya dubi Malam. Malam bai dube shi ba. Barakatu ce ta kawo ƙwaryar dusa ta dire a gabansa, ta koma ta rungume 'yarta.

Taku goma ne zuwa turke, amma Doguwa ba ta taɓa yi masa nisa haka ba. Dokin ya kwantar da kunnuwa, farin idonsa a waje. Gwadabe ya miƙa hannu, dusa na zuba ta tsakanin yatsunsa. Dokin ya kai baki. Har zaure aka ji ƙarar ƙashi.

Bai janye ba. Bai ɗaga ɗaya hannun ba. Ya tsaya, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Ya isa, baƙi. Ya isa." Can dokin ya saki, ya shinshina, ya sunkuyar da kai ya lashe dusar da jinin. A ɗaki Saude ta yi atishawa uku, ta nemi ruwa.

Yatsu biyu ya bari a bargar, manuniya da na tsakiya. Hannun bai ƙara riƙe dorina ba, ba ya ma iyawa. Shekara goma sha ɗaya akawal ya yi yana kai shi Doguwa da ragama kawai, kitso uku na lilo a wuyansa, yana jin tarinsa zai taho ya ɗora masa kai a kafaɗa.

Saude kuwa ta warke, ta yi aure, ta haifi bakwai. Amma har Gwadabe ya mutu, in ya miƙa mata hannu, ko da goro ne a ciki, sai ta kare fuskarta. Dokin ya yafe. Ita ba wanda ya kai mata dusa.