Abin da Kojo Ya Faɗa wa Matarsa

Asabar ce, ana yayyafi tun safe. Alhaji Yacouba na zaune a falo, ya haɗe rai.

"Ba ni zuwa makokin mai gidan giya."

"Za ka je," in ji matarsa Habsatou. "Tun kana saurayi kuke unguwa ɗaya. Rasuwa ce fa, Alhaji!"

Mamacin tsoho Kojo ne, mutumin Gana, Kirista, wanda ya tsufa yana riƙe da mashaya a unguwarsu ta Morris Heights, can ƙasar Turawa. Jikansa Abukari musulmi ne, a kan salla uwarsa ta tashe shi, kuma shi ke son Safiatu, 'yar Alhaji. Bara waccan Kojo ya hau bene da sandarsa, Abukari na biye da ƙunshin goro, suka zo neman aure. Alhaji bai ba tsohon kujera ba. Ya ce goron da giya ta saya ba ya shiga gidansa, ya rufe ƙofa. Tun ranar Safiatu ba ta ɗaga wa ubanta murya ba, ba ta kuma saurari wani saurayi ba.

Ta fito daga ɗaki, idanunta jajur.

"Baba, filis, don Allah, ba don ni ba. Ka je ka yi musu gaisuwa kawai."

Ya je. Zauren makokin ya cika da mata sanye da baƙaƙe da jajayen kaya, ana tashi ɗaya bayan ɗaya ana tuna mamaci. Aka ce 'ya'ya shida ya tasa, duk ya aurar. Aka ce ran Talata ba ya buɗe shago, ranar cin fufu, sakwarar mutanen Gana, da matarsa ce. Wanda ya sha ya wuce kima kuwa, Kojo ya ƙwace makullin motarsa sai gobe.

Sai Souley, tsohon direban tasi ɗan Maraɗi, ya miƙe.

"Lokacin da ba mu da masallaci a nan, a bayan shagonsa muke alwala. In sanyi ya yi, ya dafa ruwa ya ajiye mana a ƙofar baya, don kar mu ratsa ta cikin kwalabe. Ga Alhaji Yacouba nan, ku tambaye shi!"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Gaskiya ne. Ya sha wanke fuska da ruwan nan.

Yana neman hanyar fita sai Yaa, matar mamacin, ta tare shi.

"Alaji ɗana, na gode. Ranar da Kojo ya dawo daga gidanka, ya ce ka karɓe shi kamar ubanka. Ya ce ka ce a jira yarinya ta gama makaranta. Har a asibiti tambaya yake: ta gama? Ya so ya ga bikin nan."

Safiatu ta gama tun bara. Alhaji ya kau da kai. Abukari, wanda aka rufe ƙofar a gabansa, ya ajiye kujerun da yake ɗauke da su, ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Baba. An gode."

Alhaji ya hau bas ya koma. A gida ya kasa cin tuwo, ya kasa kallon 'yarsa.

Giya haram ce, wannan bai canza ba. Amma wulaƙanta tsohon da ya zo ƙofarka da mutunci shi ma ba halal ba ne, kuma ba a kama jika da sana'ar kaka. Mutumin da Alhaji ya raina ya rufa masa asiri har kabari, yaran da ya raba kuma suka yi haƙuri ba su tona shi ba.

Washegari, bayan asuba, ya tsayar da liman ya ce yana da 'yar da zai aurar. Daga nan ya wuce gidan Yaa, ya durƙusa gabanta.

"Mama," in ji shi, "ta gama. Ku turo."