Barcin Musaddiq a Zaman Makoki

"Wallahi ba za ki koma gidansa ba, Hussaina!" Yaya Lukuman ya faɗa yana huci. "Ranar ukun Baba, liman na tsakiyar addu'a, mijinki ya ɓingire yana minshari a gaban mutanen Anguwan Rogo! Har dariya aka yi!"

"Yaya, ka yi haƙuri..."

"Kar ki ce min komai! Wanda ya raina ubanmu ya raina mu."

Ta sunkuyar da kai. Ita ma ta daɗe da wannan ciwon a ranta. Shekara huɗu da aurensu, Musaddiq ɗinta ya yi ƙiba, ya koma kamar baƙo a gidan. Tana tsaka da ba shi labari zai hau gyangyaɗi. Ta yi kwalliya, ta dafa masa gwate, kafin ta kawo ruwa barci ya kwashe shi a kujera. Tuni ta yanke a ranta cewa ta gundure shi ne.

Sati uku ta yi a tsohon ɗakinta na gidan iyayenta, ita kaɗai da bargo da sanyin Jos. Sau biyu Musaddiq ya zo, Yaya ya kore shi daga bakin ƙofa. Musaddiq yakan kira, ta zuba wa wayar ido har ta katse, sannan ta kifa kai ta yi kuka.

Wata Asabar da hantsi sai ga Anti Ulonma, maƙwabciyar gidan aurenta a unguwar Ali Kazaure, wadda ke aikin jinya.

"Hussaina, gaskiya zan faɗa miki. Ni ina jin minsharin oganki ta bango. Zai yi shiru, ya daɗe, sai ya ja numfashi kamar an shaƙe shi. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Anti."

"To wannan ba raini ba ne, ciwo ne! Numfashinsa yankewa yake. Jiya ma barci ya ɗauke shi yana tuƙi, ya faɗa kwalbati. Allah ne ya tsare."

Hussaina ba ta san sanda ta zura hijabi ba. A tsakar gida Yaya ya tare ta.

"Ina za ki?"

"Mijina ba shi da lafiya, Yaya..." in ji ta. "Na rasa Baba. Ba zan zauna in rasa shi ba."

"In kika fita, kar ki neme ni!"

Ta ɗan tsaya, hawaye na zuba. Sannan ta raɓa shi ta wuce.

Da ta kai Musaddiq asibiti, kwana ɗaya aka riƙe shi don gwajin barci, an manna masa wayoyi a kai da ƙirji. Da safe aka ba shi wani bututun auna numfashi ya hura. Likita ta zaunar da su, ta ce hanyar numfashinsa a kumbure take, ga kitsen wuya na danne ta, har sau arba'in numfashinsa ke tsayawa cikin awa guda. Sai ya riƙa kwana da na'urar tura iska, ya kuma rage jiki.

"Wannan bawan Allah ya yi shekaru bai samu barcin kirki ba," in ji ta.

A benci suka zauna bayan sun fito. Goshinsa da filasta, ya kasa kallonta.

"Ina son Baba, Hussaina..." ya ce a hankali. "Ranar nan har cizon harshena na yi, na mintsini cinyata don kar in yi barci. Na kasa."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Kunya. Na ɗauka lalaci ne ya kama ni."

"Ni kuma na ɗauka ka daina sona ne!"

Ya ɗago da sauri, idanunsa sun kaɗa. "Ni? Ke ɗin? Gidanmu da babu ke, ko fitila ba na iya kunnawa."

Ta riƙe hannunsa da hannu biyu, ta daɗe tana kuka.

"Yaya Lukuman fa?" ya tambaya.

"Ban sani ba... Wataƙila ya huce, wataƙila ya daɗe." Ta share fuska da gefen hijabi ta miƙe. "Tashi mu tafi gida, masoyina. Kuma a ƙafa za mu taka har bakin titi. Likita ta ce yau za ka fara rage jiki."