Lamba Goma da 'Yar Mai Awara

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A layinmu na Higashi-Osaka, can ƙasar Japan, babu wanda bai san shagon awarar Baba Sohei Ubukata ba. Shekara talatin da takwas yana tashi da asuba yana dafa madarar waken suya, bai taɓa canza tukunya ba, balle sana'a. A ƙuruciyarsa ya buga zari-ruga a kulob ɗin wata masana'anta, shekara goma sha huɗu yana sanye da lamba uku, yana tura ƙarti da wuyansa. Kunnuwansa sun murɗe kamar soyayyen nama, kuma da su yake tinƙaho.

Wata Lahadi da rana, shi da matarsa Tokiko da 'yarsu tilo Tamaki suna zaune kan tabarma, ga shinkafa da gasasshen kifi da miyar miso. A gefen Tamaki wani saurayi ne ya durƙusa, ya miƙe bayansa sambal, gumi na tsattsafo masa. Shi ne Rintaro Nagumo, ɗan wasan zari-ruga na kulob ɗin kamfanin ƙusoshi, kuma neman auren Tamaki ya kawo shi.

Baba Sohei ya ajiye tsinken cin abinci ya ce, "To samari, lamba nawa kake sawa?"

"Ranka ya daɗe, ya danganta. Na fara da goma a makaranta. Da na shiga kulob na buga tara shekara biyu, na buga sha biyu, na buga sha biyar. Bara ma har gefe aka kai ni..."

"Tambaya ɗaya na yi, ka kawo mini kasuwa guda! Ranar Asabar da ta wuce me ka sa?"

Rintaro ya sunkuyar da kai. "Ashirin da biyu."

"Benci ke nan."

Tamaki ta yi farat ta ce, "Baba, ai don ya iya ko'ina ne koci ke ajiye shi! Duk kulob ɗin babu kamarsa, ka tambayi kyaftin ɗinsu..."

"Ke, da ke nake? Ni dai abin da na sani, tsintsiyar gida ma ta iya kowane ɗaki." Ya juya ga saurayin. "Ba ni da ɗa namiji. Wanda ya auri Tamaki sunan Ubukata zai ɗauka, tukunyar nan zai gada. Tukunya kuwa ba ta son mai zuciya biyar. Shekara goma sha ɗaya kana wasa ba ka kafa ƙafa wuri guda ba, yaya za a yi in yarda za ka kafa a gidana? Ka fito fili da lamba goma a bayanka kafin kakar wasan nan ta ƙare, in gani da idona. In ba haka ba, kada ka sake cire takalmi a ƙofata."

Tamaki ta tashi da gudu ta shige ɗaki tana kuka. Tokiko ta kwashe kwanuka.

Daga ranar Rintaro ya ɗaura ɗamara. Kowa ya watse daga tirenin, shi yana nan yana bugun ƙwallo tsakanin turakun cin maki, aikin mai lamba goma, har ƙafarsa ta kumbura. Abokan wasansa, da suke kiransa Faci don duk inda ya yage shi ake liƙawa, suka samu abin tsokana.

"Faci, wai soyayya ce ta hana ka wanka? Ka zo mu tafi, turakun ba za su gudu ba!"

"Ku bar shi, surukinsa ne refiri!"

Sanyi ya wuce, furanni suka buɗe suka zube, kulob ɗin kuwa yana ta gangarowa ƙasan teburi. Aka zo wasan ƙarshe: in sun ci su tsaya a rukuninsu, in an cinye su su faɗa na ƙasa, a sallami rabin 'yan wasa. Ranar Alhamis koci ya kafe sunaye a bango. Rintaro ya duba, ya sake dubawa. Lamba goma, Nagumo.

Ya kira Tamaki a waya, ta ƙwala ihu har masu sayen awara suka firgita. "Siriyos? Rin, ka rantse! Mama! Mama, ya samu!"

Amma kana naka, ƙaddara na nata. Ranar Juma'a mai tsaron baya, lamba sha biyar, ya faɗi a tirenin yana riƙe da cinya. Na biyunsa ma tun watan jiya yake jinya. Koci ya ja Rintaro gefe, ya daɗe yana murza hularsa.

"Nagumo, na san labarin gidan awara, duk kulob an sani. Ba zan tilasta maka ba. Sabon ɗan wasan da muka ɗauko daga jami'a ya iya goma, bayan ita bai iya komai ba. Sha biyar kuwa, in ba kai ba, sai dai in sa wanda bai taɓa tsayawa wurin ba. Rigar taka ce, ka sha wuyarta. Ka zaɓa."

Rintaro ya dubi abokansa can suna kwance takalma. Wannan matarsa ta haihu makon jiya, wancan shekararsa ta ƙarshe ke nan. Ya juyo ga koci ya ce, "A ba shi goma."

Daga fili bai zarce ko'ina ba sai shagon. Ya tsaya a bakin ƙofa da takalminsa, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"Baba, an ba ni goma, na mayar da hannuna. Ban so ka ji a bakin wani ba."

Baba Sohei ko ɗagowa bai yi ba daga yankan awara. "To ka yanke wa kanka hukunci."

Tamaki ta biyo shi waje, hawaye shaɓe-shaɓe. "Minti tamanin fa, Rin! Minti tamanin kacal ka kasa riƙe mini riga? Ni ban kai kulob ba?"

"Tamaki, in na riƙe ta muka faɗi, da wane ido zan dube su? Ke ma wata rana za ki dube ni ki tuna abin da na yi."

"Dalla rufe mini baki!" Ta share fuska da bayan hannu ta ce, "Kuma saura ka bari ƙwallo ta suɓuce maka gobe. Ina kallo."

Washegari Baba Sohei ya ce ba inda za shi. Tokiko, wadda mu 'yan layi ba mu taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta sauke ƙofar shago da kanta, ta miƙa masa rigar fita. "Maigida, tikiti uku yaron nan ya aiko. Ko hana shi za ka yi, ka je ka ga wanda kake hanawa."

Kafin wasa aka watsa wa riguna gishiri kamar yadda aka saba, koci ya miƙa wa kowa tasa hannu bibbiyu. Rintaro ya karɓi sha biyar.

Ranar kuwa mun ga wasa! Abokan hamayya suka yi ta cilla ƙwallo sama don su gwada sabon mai tsaron baya, yana cafewa kamar an ɗaura masa ita da zare. Bayan hutun rabin lokaci aka ba lamba tara na su Rintaro katin kora na minti goma, sai ga Rintaro ya maye gurbinsa a gindin turereniyar ƙarti yana zaro ƙwallo yana rabawa. Da sabon ɗan wasan nan ya ruɗe ya ɓarar da bugu biyu, Rintaro ne ya dafa kafaɗarsa ya raɗa masa magana, na uku ya shiga. Su Rintaro suka wuce gaba da maki biyu.

Baba Sohei ya yi tsaki. "Dubi! Yanzu yana nan, an jima yana can, kamar kazar da aka yanka."

Tokiko ta juyo ta dube shi. "Baban Tamaki, ni lamba nawa ce a shagonka?"

"Me?"

"Kai kana gaban tukunya shekara talatin da takwas, gari na yabon ka. Wa ke jiƙa wake? Wa ke suya? Wa ke hawa keke ya kai wa gidajen abinci cikin ruwan sama? Shekarar da bayanka ya riƙe, wa ya tsaya gaban tukunyar wata huɗu, ko mutum ɗaya bai gane an canza hannu ba? Ka samu damar yin abu ɗaya ne don wata tana yin sauran. Watanni ke nan kana zagin yaron nan a gabana, ni kake zagi ba ka sani ba."

Tsohon ya mayar da idonsa fili.

Daidai nan fili ya ɗauki ihu. Lamba takwas na abokan hamayya, wani ƙato kamar bijimi, ya ɓalle yana tunkarar layin cin maki, an riga an busa ƙahon cikar lokaci, babu kowa gabansa sai Rintaro. Rintaro ya sunkuya ya rungumi cinyoyinsa, suka mirgina tare har waje, taku biyu kafin layi. Alƙalin wasa ya hura usur, su Rintaro sun ci, kulob ya tsira. Ƙarti suka zube a ciyawa suna kuka.

Da 'yan wasa suka jeru suka rusuna wa 'yan kallo, Baba Sohei ya sauko har bakin shinge. Rintaro ya ƙaraso yana ɗingishi, girarsa a fashe.

"Kai," in ji tsohon, "kanka ka sa ta gaban gwiwarsa. Wa ya koya maka kamu haka? So kake ka mayar mini da 'ya bazawara tun ba a ɗaura ba?"

Tamaki ta dafe ƙirji. "Baba! Me ka ce?"

"Kin ji ni." Ya juya ga matarsa, a gaban dubban mutane, ya rusuna mata ƙasa sosai, ya daɗe bai ɗago ba. Tokiko ta rufe fuska da gyale tana cewa, "Haba Maigida, tashi mana, ana kallon mu!"

Da kaka aka sha biki, duk layinmu muka je. Rintaro ya zama Ubukata, ya ƙara shekara uku yana wasa, ya yi ritaya da wasa ɗari da sittin a gurbi biyar, abokansa suka ɗaga shi sama suna jefawa.

To 'ya'yana, ku riƙe wannan. Tsayayyen mutum ba a gane shi da wurin da ya kafe, sai da abin da ya ƙi sayarwa ranar da zuciyarsa ta fi son sayarwa. Kuma kafin ku raina mai toshe ɓaraka, ku waiwaya cikin gidanku, wataƙila da shi kuke tsaye. Mai haƙuri kuwa, ko an jima, nasa na zuwa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Ba don gizo ba da kun ce na ƙara gishiri.