Kwatar Inci a Jelar Wolai

"Ba zai hau min jirgi ba!"

Arvid ne ya faɗa, yana zuba mai a injin jirgin ruwansa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Haba Baba!" in ji Marit. "Jiya fa ka ce ya zo."

"Jiya ba ki gaya min mai gadin kifi ba ne."

Eino yana tsaye a kan katakon bakin tafki, sandar fatsa a hannu. Aikinsa ke nan, jami'in kula da tafkuna ne, shi ke bin masunta yana duba abin da suka kama. Yau dai hutunsa ne. Aure ya kawo shi, kuma a gidan Arvid duk mai neman 'ya sai ya shiga jirgin nan ranar buɗe kamun kifin da ake kira wolai. Wanda tsohon ya sauke, an gama da shi.

Marit ta matsa kusa da ubanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, shi nake so... Don Allah, yini ɗaya kawai."

Tsohon ya yi tsaki.

"Ya zauna a gaba. Kada ya taɓa min komai."

Sati biyu ke nan da ƙanƙarar da ta rufe tafkin ta narke, ruwan har yanzu yana yanka hannu. Suka fara da lungun ciyayi inda ƙananan kifin kirafi ke taruwa a watan Mayu. Kafin rana ta ɗaga sun cika rabin bokiti. Eino ya fi kowa kamawa, abin da ya ƙara ɓata ran Arvid.

"Ashe kana taɓawa, ɗan gwamnati. Na ɗauka na mutane kawai ka iya ƙwacewa."

"Kakana ne ya koya min, Baba."

"Ban haife ka ba."

Marit ta miƙa wa Eino kofin gahawa, ta matse masa yatsa.

"Yi haƙuri, rabin raina," ta raɗa masa. "Haushi ne kawai, ba ya cizo."

Ita kanta ba ta yarda da maganar ba.

Da hantsi suka koma kan duwatsun tsakiya, suka sa matsattsaku a ƙugiya. Awa biyu shiru. Can sandar Arvid ta lanƙwashe. Ya ja a hankali, Marit ta sa koma ta ɗebo kifin. Wolai ne, mai ruwan zinariya, ido fari tas.

Dokar tafkin kowa ya san ta. Wolai da ya kai inci goma sha bakwai ruwa zai koma, su ne masu ƙwai.

Arvid ya kwantar da kifin a allon awo, ya bar jelar a baje.

"Sha shida da kwata uku. Na kasko ne!"

Tun Marit tana ƙarama ta san dabarar nan. Awon gaskiya sai an matse jela ta haɗe, a nan kifi ke ƙara tsawo. Ta saci kallon Eino. Shi ma ya ga jelar. Wuyansa ya yi ja.

Arvid ma ya lura Eino ya gani. Ya tura masa allon da ƙafa.

"Kana da magana? To auna da kanka, gwani."

"Eino..." in ji Marit. Idonta ya ƙarasa sauran. Kwatar inci ce fa, masoyi, ka kau da kai!

Eino ya durƙusa. Ya matse jelar.

"Sha bakwai da kwata, Baba. Sai dai ya koma."

"Shekara hamsin ina kamun kifi a tafkin nan! Ba a haifi uwarka ba na san duwatsun nan!"

"Na sani. Amma ya wuce awo."

Arvid ya fizge kifin, ya jefa a akwatin ruwan jirgi, ya buga murfin.

"Ga shi nan. Rubuta ni in ka isa. Ka rubuta uban yarinyar da kake so!"

"In ya sauka ƙasa da mu, dole in kai rahoto," in ji Eino. "Na yi rantsuwa. Marit, ki yafe min... ba zan iya ba."

"A kan kifi ɗaya za ka rasa ni?" Hawaye ya zubo mata. "Kai kuma Baba, a kan kifi ɗaya za ka kashe min aure?"

Ruwa na dukan cikin jirgi, kifin na dukan akwati.

Marit ta dubi wannan, ta dubi wancan. Kawuna biyu kamar dutse. Ta share fuska da hannun riga, ta tashi, ta buɗe murfin.

"Marit! Kika kuskura..."

Ta tallafo kifin da hannu biyu, ta sunkuya, ta riƙe shi a ruwa har ya motsa. Ya kaɗa jela ya nutse.

"Ni na sake shi, Baba, ba shi ba. In kora ce, ni za ka kora."

Arvid ya dube ta. Ya ja igiyar inji. Ya kai su har gaɓa.

"Ku sauka. Ku duka."

Suka sauka. Ya juya jirgin ya nufi tsakiya shi kaɗai. Marit ta kifa kai a ƙirjin Eino ta fashe da kuka.

"Na rasa Baba, Eino... Ni kaɗai gare shi!"

Sai ƙarar injin ta mutu. Jirgin na can yana lilo, tsohon ya ba su baya. Ya ɗaga murya ba tare da ya waiwayo ba.

"Kai ɗan gwamnati! Gobe ƙarfe biyar. Ni zan kama, kai ka auna, tunda abin da ka iya ke nan!"

Eino ya buɗe baki, Marit ta toshe masa da tafin hannu.

"Yi shiru," ta ce, tana kuka tana dariya. "Kada ka gode masa, sai ya fasa."