Ƙashi Mai Kai Biyu

Ana sallame sallar Juma'a labari ya iso ofishin 'yan sanda na Tamanrasset, a kudancin Aljeriya: bargar Alhaji Muhammad Kabir, ɗan kwangilar gine-gine, ta ƙone ƙurmus, da dokinsa Kili a ciki.

Kafin Sufeto Taufiq ya isa wurin, jama'a har sun gama shari'arsu. Sun ɗaure Isufu, mai kula da dokin, da igiyar rijiya. Mutumin Damagaram ne, ba shi da takardar zama, matarsa Luba kuma cikinta ya tsufa a unguwar Gataa El Oued. In laifin ya hau kansa, kurkuku ne, daga nan a jefa shi mota a sauke a iyakar Nijar, ita kuwa ko oho.

"Ku kwance shi," in ji Sufeto da Hausa, don uwarsa 'yar Agadas ce. "Wa ya ga tashin wutar?"

Rufa'i, shugaban leburorin Alhaji kuma mai jan motar simintinsa, ya matso yana share ido. "Ranka ya daɗe, muna masallaci. Amma kowa ya san halin yaron nan da shayi. Garwashi ya bari kusa da ciyawa."

"Wallahi Sufeto, yau ko butar ban taɓa ba," in ji Isufu. "Rufa'in nan ne ya aike ni kai siminti tun hantsi."

"Ji ƙarya!" in ji Rufa'i.

Alhaji dai yana zaune kan bulo, ya zuba wa tokar ido. Dokin nan ya fi masa gidajen da yake ginawa.

Sufeto ya naɗe hannun riga ya shiga toka. Kan dabbar da haƙarƙarinta sun farfashe ƙarƙashin katakon rufi, ba abin da za a gane. Ya tsinci takalman ƙarfe na doki huɗu. Ya juya su, ya leƙa hujojin, ya sa aka tankaɗe tokar wurin. Ko ƙusa ɗaya babu. To, dokin da ya ƙone da takalmansa a ƙafa, ina ƙusoshin suka tafi?

Can gefe ya zaro wani dogon ƙashin ƙwauri da wuta ta babbake amma ba ta cinye ba. Ƙarshensa ya rabu biyu kamar gwafa. Sufeto ya tsaya yana kallonsa. Shi da ya tashi da romon ƙafar raƙumi a tukunyar uwarsa, wannan ƙashi ba baƙonsa ba ne. Ya naɗe shi cikin buhu. Isufu kuwa dole aka tafi da shi ofis, yana waiwaye.

Likitar dabbobi, Dakta Halimatus Sa'adiyya, wadda Sufeto ya kai wa ƙashin, ba ta da haƙurin dogon bayani. Ta sauko da ƙasusuwan ƙafar doki da take koyar da ɗalibai da su, ta shimfiɗa kusa da na Sufeto.

"Duba nan. Doki a kan yatsa ɗaya yake tafiya, kofaton nan farcensa ne. Abin da kuke kira gwiwarsa ta gaba, daidai yake da wuyan hannunka. Daga nan ƙashi ɗaya ne santal, da 'yan sirara biyu manne a bayansa kamar tsinke. Ƙarshensa kai ɗaya, sai gajeru uku su sauka cikin kofato."

"Wannan fa?"

"Wannan mai yatsu biyu ne, shi ya sa ƙarshen ya rabu. Ɗan raƙumi ne. In doki ne wannan, ni ma akuya ce."

Sufeto ya yi dariya har da tafa hannu. Daɗi ya kama shi, don ya san Kili na nan da rai a wani wuri. Nan take ya buga waya ga jandarmomin hanyar arewa da na kudu, a duba duk kamiyo, wato babbar motar kaya, da ya ɗauko dabba.

Daga nan sai layin mahauta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan Mika'ilu, wani Bamaraɗe mai baki kamar rediyo.

"Ƙasusuwan ɗan raƙumi gaba ɗaya? An saya mana! Har na ce, bawan Allah, kura kake kiwo? Ya ce in sare tafin ƙafafun in riƙe, ba ya so. Wa ke barin tafi, nan ne fa daɗin yake!"

"Ka san shi?"

"Mai motar simintin Alhaji Kabir. Rufa'i."

Washegari da hantsi aka zaunar da Rufa'i a ofis, Alhaji na gefe.

"Me ka yi da ƙasusuwan raƙumi?"

"Romo na sa aka yi wa leburori."

"Na tambaye su. Sun ce rabonsu da romonka tun da aka haife su." Sufeto ya ajiye ƙasusuwan biyu a tebur. "Ka yi dabara, Rufa'i. Ka san tafin raƙumi ba kofato ba ne, ka sa aka sare. Ka zuba tsofaffin takalma, ka manta ƙusa. Amma kai da raƙumi a waje kawai kuka san juna. Ƙirga kawunan wannan ƙashi."

Rufa'i ya dubi ƙashin, gumi ya keto masa. Sai aka ji haniniya a harabar ofis, irin mai tsaga kunne. Jandarmomin garin In Amguel, a kan hanyar arewa, ne suka iso da kamiyon da suka tare, Kili a baya tsakanin buhunan gawayi, direban kuma tun a hanya ya faɗi wanda ya loda masa shi.

Alhaji ya fita a guje, babu ko takalmi.

"Ni ne," in ji Rufa'i, kansa a ƙasa. "Wani mutumin arewacin ƙasar nan ya daɗe yana son dokin. Kuma ya tsaya mini a rai, yaron da na ɗauko yana dakon siminti, wai yau shi ne na hannun daman Alhaji."

"Sai ka ce a raba shi da matarsa a bakin haihuwa? Kai, ba ka da imani." Sufeto ya ɗaga hannu, aka sa masa ankwa, aka wuce da shi.

Sufeto da kansa ya buɗe wa Isufu ƙofa. Isufu ya tsuguna gaban dokin, ya shafa ƙafafunsa huɗu daga gwiwa har kofato, yana hawaye yana dariya.

"Lafiyarsa ƙalau, Alhaji!"

"Kai ma haka," in ji Alhaji, kunya ta rufe shi. "Ka yafe mini, ɗana. Takardarka ta zama, ni zan tsaya maka har ta fito."

Sufeto ya bi su a mota sannu a hankali har Gataa El Oued. Leburori suka sauko daga kan gine-gine suna kabbara. Luba ta fito ƙofar gida, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ta hango mijinta a kan Kili, ba igiya a hannunsa sai linzami. Ta rangaɗa guɗar da sai da unguwa duka ta amsa.