Idanun Iliya Mai Zane

"Tun yaushe ka sani?"

Shafa'atu na tsaye a bakin ƙofar ɗakin zanensa, ko jakarta ba ta sauke ba. Sai da Iliya ya karkato da wuyansa gaba ɗaya kafin ya gan ta. Ta daɗe tana lura da wannan juyowar tasa, tana ɗauka salonsa ne kawai.

"Wa ya gaya miki?"

"Samar, shugabarmu. Ta ce ka faɗi a matakalar jirgin ƙasa, likita ya ce ciwon ido ne na gado. Kowa a kamfanin nan ya sani, Iliya... ni ce ta ƙarshen ji?"

Ya ajiye burushin da ke hannunsa a hankali.

"Ma'alish, habibti," ya ce da Larabci. "Ki yi haƙuri, masoyiyata. Tsoro na ji."

A wannan kamfanin buga littattafan yara na unguwar Ma'adi, a ƙasar Larabawan da suke zaune, suka haɗu, ita tana fassara, shi yana zana hotuna. Ranar farko da ya gaishe ta da gurguwar Hausarsa sai da ta rufe baki don dariya. Ba'amurke ne, a Detroit aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Sada, mutumin Daura ne da ya je can yana tuƙin tasi, hatsari ya ɗauke shi tun Iliya na firamare. Abin da ya bar masa shi ne salla da 'yar Hausar nan. Wannan duk ta sani. Labarin mahaifiyarsa ne kullum yake kaucewa.

"Zauna in gaya miki," ya ce.

Ta zauna a bakin kujera.

"Mamata ma mai zane ce. Hotunan littattafan yara take yi, da su ta ciyar da ni. A kan teburin kicin na koyi riƙe fensir, hannunta bisa nawa. Mahaifinta makaho ne, amma ba ta taɓa kawo wa ranta abin zai biyo ta ba. Daga gefen ido ya fara ci, kamar ana rufe labule. Ni nake haɗa mata kala, ina gaya mata wannan ja ne, wannan shuɗi. Wata rana na dawo daga makaranta na same ta tana zane a kan katakon teburin. Takardar ta zame ta faɗi ƙasa, ba ta sani ba."

Ya goge fentin da ke yatsunsa, sannan ya ci gaba.

"A gidan kula da marasa lafiya ta rasu. Ba ta ga littafina ko ɗaya ba."

Hawaye suka zubo wa Shafa'atu. Fushin da ta zo da shi ta neme shi ta rasa.

"Kai fa? Me likitan ya ce?"

"Akwai wani magani da ake gwadawa a Amurka. Ba ya warkarwa, amma yana iya tsayar da abin. Sai dai mutum ya zauna kusa da su shekaru." Ya matso da kujerarsa. "Mu tafi tare, Shafa. A ɗaura mana aure mu tafi."

Sai tunaninta ya koma kan abin da ke jiranta a gida.

A gidansu na unguwar Dokki ta tarar da kwalaye jere a falo. Mahaifinta, Alhaji Abdussalam, ya gama aikinsa a ofishin jakadanci, Katsina za su koma. A ɗaki kuwa Ummi na kwance inda ta bar ta. Tun bara ɓarin jikinta ya shanye. Shafa'atu ce 'yarta tilo, ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta, kuma daga hannunta kaɗai take yarda ta ci abinci.

Bayan la'asar ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa komai. So take ya yi faɗa, ya hana, ta samu wanda za ta ɗora wa laifi.

Bai yi ba.

"Na daɗe da sanin maganarku, har na sa an bincika danginsa a Daura, mutanen kirki ne," ya ce. "Lalura kuma ta Allah ce, ba na ƙin mutum don ita. In kina son sa, gobe ma sai in ɗaura."

"Ummi fa, Baba?"

Ya sunkuyar da kai, yana murza carbinsa.

"Za mu nemo mai kula da ita."

Su duka biyun sun san an gwada hakan. Matar da aka kawo ba ta yi mako ba, Ummi ta daina cin abinci har sai da aka sa mata ruwa.

Ashe Ummi tana jin su. Da Shafa'atu ta shiga da kofin kunu, Ummi ta kamo bakin mayafinta da hannun da ke motsi. Bakin a karkace, maganar na fita da ƙyar.

"Je... ki."

"Ummi, sha kununki."

"Je ki... 'yata."

Tana faɗa, amma yatsunta ba su saki mayafin ba. Shafa'atu ta dubi hannun nan da ya rame, ta ɗaga cokali ta kai mata baki. A nan ta yanke shawara.

Da ta gaya wa Iliya, miƙewa ya yi har ya ture gwangwanin fenti.

"Khalas, shi ke nan, na fasa maganin. Zan bi ki Katsina."

"Ka makance a hannuna saboda ni?"

"Ko da maganin ma wataƙila in makance!"

"Wataƙila kuma ka tsira. Wallahi ba zan zama sanadi ba. Kullum na kalle ka kana lalube, sai in ce ni na ja maka."

"To zan jira ki."

"Jiran me, Iliya? Ka san abin da za ka zauna kana jira ke nan? Ranar da uwata za ta mutu."

Ya koma ya zauna kamar an zare masa laka. Fentin da ya zube yana malala a ƙasa, babu wanda ya kula shi.

Ana gobe za su tashi ta zo yi masa sallama. Abu ɗaya ya roƙa, ta zauna kusa da taga ya zana ta. Ta zauna. Yana aiki yana matso da fuskarsa dab da allon, ya ɗago ya nemo ta, ya sake sunkuyawa. Ta hana kanta kuka don kada fuskarta ta motsa.

Da ya gama ya juyo mata da zanen.

Idanunta ne da hancinta, sun fito ras kamar ta duba madubi. Amma daga kumatu zuwa waje komai ya watse. Mayafin ya hau kan kunne, haɓar ta kauce gefe guda, kafaɗa ɗaya babu ita sam.

"Ya yi kama da ke?" ya tambaya. "Ki gaya mini gaskiya."

"Ni ce sak, masoyina."

Ya yi murmushi, irin na wanda ya gane amma ya gode.

"Ki tafi da shi."

"A'a. Ka riƙe, ka riƙa kallo tun kana iyawa."

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta waiwayo, ta ɗaga masa hannu, hawaye na sauka har wuyanta. Yana tsaye yana kallon kujerar da ta tashi daga kai. Tana gefensa, bai gan ta ba.

Ta sauke hannun, ta ja ƙofar a hankali.