Goben Tela

Malama tana zaune a bakin gado tana ninke kayan jarirai, cikinta na wata takwas ya tokare mata ƙirji, sai ta ji muryar surukarta daga tsakar gida tana yi wa ɗanta Tela magana.

"Ka faɗa mata?"

"Zan faɗa mata, Inna."

"Yaushe?"

"Gobe in Allah ya kai mu."

Ta ajiye 'yar rigar da ke hannunta. Ta san wannan goben. Da ita Tela ya aure ta. Yadi ta kai shagonsa tana budurwa, tana koyarwa a firamaren bayan kasuwa, kullum ta je karɓar ɗinki sai ya sosa ƙeya ya ce ta dawo gobe. Sai da ta yi fushi ta ce a ba ta yadinta, sannan ya jawo rigar daga ƙarƙashin tebur, a ɗinke, a goge tun tuni.

"In na ba ki, da wane dalili za ki dawo?" in ji shi.

Ta yi dariya ranar har da riƙe ciki. Daga baya ta gane cewa ba ita kaɗai yake yi wa haka ba. Mutum ne da bakinsa bai iya furta a'a ba. Kwastoma ya zo da fushi, ya ce masa to. Wani ya zo da kuka, ya ce masa to. Kowa ya fita shagon da alkawari a hannu, shi kuma ya zauna da tulin yadi yana neman dabara.

Wannan karon ba yadi ba ne. Tun tana wata bakwai ta ga jini, ba ciwo ba komai, jinin ya zo ya tsaya da kansa. Aka yi mata sikanin, hoton ciki, a asibiti, aka sake. Likitar, wata mace mai gilashi da ba ta ɓata magana, ta ce mabiyiya ce ta zauna ƙasa, kusa da bakin mahaifa, hanyar da yaro zai bi ya fito. Da ta ga Tela bai gane ba, ta miƙa hannu ta zare tef ɗin awon da ya manta a wuyansa, ta juya shi ɓangaren santimita.

"Ka ga nan, biyu? Da tazarar ta kai nan, sai in ce ta haihu da kanta. Da tana kusa da nan ma, sai mu gwada naƙuda a asibiti, da jini a ajiye. Ta matarka ga ta." Ta ɗora farcenta ƙasa da ɗaya. "Kuma ta riga ta taɓa zubar da jini. Shawarata a yi aiki kafin naƙuda ta taso. Amma jikinta ne, ita za ta zaɓa."

Malama ta daɗe tana son ta haihu da kanta kamar yayyenta. Ta dubi wurin da farcen yake, ta ce a yi aikin. Aka sa rana. Tela ya ce to.

Da suka dawo gida, Inna ta saurari bayanin har ƙarshe, sannan ta ce ba da yawunta ba. Tela ya ce mata to ita ma.

Malama ba ta taɓa ɗaukar Inna a matsayin muguwa ba. Tsohuwar ce take dama mata abin sha da safe, ita take hana ta ɗaukar bokiti. Amma akwai hoto a bangon ɗakinta, na Auta, ƙanwar Tela, wadda aka shiga da ita ɗakin tiyata a haihuwar fari, aka fito da ita a lulluɓe. Tun daga ranar, ko allura aka ambata sai fuskar Inna ta canza.

"'Yar nan, zo ki zauna," ta ce mata washegari. "Ni duk 'ya'yana a ɗaki na haife su. Ba gori nake miki ba. Na kai musu ɗaya da ƙafarta, suka ba ni gawa. Ba zan kai musu ta biyu ba."

"Inna, Likita ta ce in naƙuda ta taso jinin zai iya ɓallewa."

"Likita ta ce. Waccan ma likita ce ta ce."

Malama ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta, ba ta share ba. Ba ta ƙara magana ba, domin tana da yaƙinin mijinta ya ga abin da ta gani a jikin tef ɗinsa.

Ranar aikin na matsowa, ta haɗa jakarta. Tela ya shigo da yamma yana kauce wa idonta.

"Malamata, an ɗaga fa. Likita ta yi tafiya, sai wani satin."

Ta kwance jakar. Satin ya zo, ta sake haɗa ta, ya ce injin ɗakin tiyata ne ya samu matsala. Ta yarda, ta sake kwancewa, me zai sa ta ƙi yarda? Shi ne mai danna mata ƙafa idan ta kumbura, shi ya ɗinka kayan jaririn nan duka da hannunsa, ya saya wa kowace riga maɓallai irin nata.

Wata hantsi tana shanya, wayarta ta yi ƙara. Nas ɗin wajen awo ce.

"Malama, lafiya dai ko? Likita ta ce in kira ki da kaina. Karo na biyu ke nan maigidanki yana zuwa ya ɗaga ranar, wai ba ki shirya ba. Wannan cikin ba na jira ba ne fa."

Ta yi godiya, ta kashe wayar. Ta ɗan jima a tsaye, zanin da take shanyawa yana ɗiga a ƙafarta. Sannan ta yafa mayafi ta nufi shago.

Yana kan keke, alli a bayan kunne, ƙyallaye zube a ƙasa. Wani kwastoma yana fita yana cewa, "Gobe dai ko, Oga?" Tela yana cewa in sha Allahu. Da ya gan ta sai ƙafarsa ta tsaya.

"Injin ya gyaru?" ta tambaye shi.

Ya zare allin daga bayan kunnensa yana juya shi.

"Ni ma kwastoma ce ashe. An sa ni a layi."

"Malamata, ki fahimce ni. Lallaɓa ta nake yi. Kwana kaɗan nake nema ta sauko. In na kai ki ba da izininta ba, wani abu ya faru, da wane ido zan dube ta?"

"In ka bar ni a gida wani abu ya faru fa, da wane ido za ka dubi wa? Ni ba na nan ballantana ka dube ni."

Ya rufe fuskarsa da tafin hannu. "Gobe zan same ta, wallahi gobe."

"Ban ce ka saɓa mata ba. Da ka ce min Inna ta hana, ka kasa, da na san inda nake. Ƙarya ka yi min, ka yi mata, ka yi wa Likita, don dai kowa ya rabu da kai yana murmushi." Ta gyara mayafinta. "Ni yayata zan kira ta kai ni."

Ta juya. Ya tashi ya biyo ta, ko shagon bai rufe ba. Yana tafe a bayanta kamar mai rakiyar gawa, har suka shiga gida. Tana tsallake dokin ƙofa ta ji wani ɗumi ya sauko mata a ƙafa. Babu ciwo. Ta duba ƙasa, ta ga simintin yana yin ja, yana faɗi.

Inna ta fito da gudu. "Naƙuda ce, a kwantar da ita. Kai, je ka kira ungozoma."

Malama ta dafa bango, gidan yana juya mata. Ta ga mijinta ya dubi uwarsa, ta ga bakinsa ya haɗu zai ce to. Sai ya dubi jinin.

"A'a, Inna."

Tsohuwar ta tsaya cak.

"Ki yafe min. Asibiti zan kai ta, kuma aikin za a yi. Yau."

Ya sunkuci Malama. Abu na ƙarshe da ta gani kafin idonta ya rufe shi ne Inna tana biye da su ba takalmi, rungume da jakar da aka kwance sau biyu.

Ta farka a wani ɗaki mai warin magani, ledar jini rataye a kanta, cikinta kamar an ɗora dutse. Likita ta ce mata mace ta haifa, tana kwalbar jarirai don ta sha wuya, amma tana numfashi da kanta. Ta ƙara da cewa, a gaban Tela, aikin da za a yi cikin natsuwa ne aka yi shi da gudu, kuma saura ƙiris ta rasa mahaifar, ko abin da ya fi mahaifar. Tela yana tsaye da auduga manne a hannunsa, inda aka ɗebi jininsa. 

Kwanaki Malama ba ta yi masa magana ba. Ba fushi take nunawa ba, kalmar ce ba ta zo ba. Inna ce take juya ta, take ba ta ruwa a cokali. Wata safiya tsohuwar tana gyara mata filo, ta ce a hankali, idonta a bango:

"Na Auta ma haka ya fara. Ba ciwo. Muka ce a jira."

Malama ta kama hannunta ta riƙe. Suka yi kuka tare, ba mai lallashin wani.

Ranar da aka fito da jaririyar daga kwalba, rigunan duk suka yi mata yawa. Tela ya zare tef daga wuyansa ya auna ɗan ƙirjinta.

"Sai an rage su," ya ce.

Malama ta dube shi, karo na farko. "Yaushe za mu zo karɓa?"

Idonsa ya cika. "Kafin la'asar."

Kafin la'asar kuwa ya kawo su.

Haƙurin Malama bai faɗi ƙasa ba, ta fita da ranta da 'yarta da surukar da ta zama uwa. Amma tabon yana nan a cikinta, kuma duk gidan sun san cewa jinin da ya zuba a dokin ƙofa bai zama dole ya zuba ba. Biyayya ga iyaye ba ita ce a ce musu to a ɓoye musu gaskiya ba. Wanda yake son mutum, wata rana dole ya ɓata wa wani rai saboda shi, kuma akwai alkawarin da ba ya karɓar gobe.